Kwana uku ko kwana biyar? Likita ya ce a ɗage dashen sai wani wata

Mai Jiran Rabo:
Slm 'yan uwa, dan Allah masu sani ku taimaka min, IVF ake min, wato a haɗa ƙwaina da maniyyin maigida a lab sannan a dasa min ɗan tayin a mahaifa. Shekaranjiya aka ciro min ƙwai guda 18, jiya aka kira daga lab aka ce 11 sun haɗu da na maigida. Ni duk a zatona gobe za a mayar min tunda haka aka yi wa ƙawata a kwana na uku, sai ɗazu likita yake cewa a bari su kai kwana biyar, kuma ma wai da wuya a saka a wannan watan, ya fi so a daskarar da su duka sai na ga al'ada ɗaya ko biyu, saboda cikina ya kumbura kuma gwajin jinin da aka yi ranar allurar ƙarshe ya nuna furojestaron, sinadarin da ke shirya mahaifa ta karɓi ciki, ya hau. Ina da PCOS dama, matsalar ma'ajiyar ƙwai da ke hana ƙwai fita a kan lokaci. Wlh tun ɗazu na kasa cin abinci, maigida ma cewa yake anya ba hanyar ƙarin kuɗi ba ce? Fili muka sayar kafin muka zo nan.

Hajiya Babba:
Wslm 'yata, Allah ya sa a dace. Kwantar da hankalinki ki sha ruwa tukuna. Sista da Dakta in kuna kusa ga 'yarku nan.

Maman 'Yan Biyu:
Ni dai gsky kwana uku aka saka min kuma ga su nan suna makaranta Alhamdulillah. Ban ga dalilin da za a bar 'ya'yan mutum a cikin na'ura har kwana biyar ba alhali ga mahaifa da Allah ya halitta saboda su. Ki ce musu ke dai a saka miki gobe, kuɗinki ne, jikinki ne.

Sista Mai Dare:
Maman 'Yan Biyu Allah ya raya su, amma dan Allah kar ki sa ta je ta yi rigima da likitanta, lamarinku ba iri ɗaya ba ne. Bari in faɗi yadda muke lissafi. Ranar da aka ciro ƙwai ita ce sifili. Washegari ake dubawa a ga waɗanda suka haɗu. Kwana na biyu ɗan tayin yana da ƙwayoyin halitta kamar huɗu, kwana na uku shida zuwa takwas, kwana na huɗu sai su dunƙule wuri guda, kwana na biyar ko na shida ya zama abin da muke kira bilastosis, a lokacin ƙwayoyin sun kai ɗari ko fiye kuma har an fara bambance ɓangaren da zai zama jariri da wanda zai zama mabiyiya. To abin da mutane ba su sani ba shi ne, a kwanakin farko ɗan tayin da guzurin da ƙwan uwa ya zo da shi yake tafiya, sai wajen kwana na uku nasa ƙwayoyin gadon suke karɓar aikin. A nan ne da yawa suke tsayawa. Shi ya sa za ki ga guda goma duk sun yi kyau a kwana na uku, amma zuwa na biyar sai ki tarar huɗu ko biyar ne suka wuce, wani lokacin ma ba su kai haka ba. Mai guda 11 in aka ce a zaɓa mata gobe kusan canki-canka za a yi.

Maman 'Yan Biyu:
To ai abin da nake faɗa kenan Sista, kin ga da bakinki kin ce suna mutuwa a na'urar. Da a ciki suke wa ya sani ko da sun rayu?

Dakta Ummu Aisha:
Sannunku. Tambayar Maman 'Yan Biyu tana da kyau, kuma likitoci ma sun daɗe suna ja-in-ja a kanta. Amma akwai abu ɗaya da ya kamata a sani, a cikin da ake samu ta hanyar da aka saba, ɗan tayi mai kwana uku bai ma iso mahaifa ba, yana cikin bututun da ƙwai ke bi yana gangarowa, sai wajen kwana huɗu zuwa biyar yake shigowa. Kenan wanda aka saka a kwana na biyar shi ne ya zo a kan lokacinsa. Dalilin da ya sa a da ake sakawa a kwana biyu ko uku shi ne ruwan da ake renonsu a ciki bai kai ingancin da zai riƙe su tsawon kwana biyar ba, sai a ƙarshen shekarun 1990 aka samu wanda zai iya. Duk da haka ban ce kwana uku kuskure ba ne. Macen da take da guda ɗaya ko biyu kacal, ba wani zaɓi da za a yi a tsakaninsu, likitoci da yawa za su ce a mayar mata da wuri, ni ma ina ganin hikimar hakan.

Bint Zazzau:
Ni irin wannan maganar ce take taso min da mikin da ke raina. Guda uku muka samu, aka ce a jira kwana biyar, ranar da muka shirya har na sha ruwa mara ta cika muna hanya aka kira aka ce mu koma gida duk sun tsaya. Ban taɓa kuka irin na ranar ba. Har yau zuciyata tana ce min da an saka a kwana uku da wataƙila yanzu ina goye. Ni duk wadda ta tambaye ni cewa nake kar ta yarda.

Hajiya Babba:
Allah sarki Bint Zazzau, Allah ya musanya miki da mafi alheri, ya sa kaffara ne.

Dakta Ummu Aisha:
Ƙanwata Allah ya ba ki haƙuri. Ba zan ce miki tabbas da ba su rayu a ciki ba, don babu likitan da zai iya rantsuwa a kan haka. Mafi yawan waɗanda suke tsayawa matsalar a jikinsu take, galibi lissafin ƙwayoyin gadonsu ne bai daidaita ba, kuma irin waɗannan ko an saka ba sa kamawa ko su kama su zube. Amma gaskiya ne ingancin lab yana da tasiri, zafin na'ura da iskar da ke ciki dole su tsaya daidai dare da rana, wurin da wutarsa ke rawa ba shi da hurumin riƙe 'ya'yan mutane kwana biyar. Abin da ya kamata a yi miki shi ne a zaunar da ke da maigidanki tun a kwana na biyu a ce ga guda uku, in mun jira akwai yiwuwar a rasa na sakawa, ku me kuka gani? Rashin wannan zaman shi ne abin da yake ci min rai. An yi wani babban bincike a ƙasar Holan da aka fitar a 2024, mata sama da dubu ɗaya masu 'yan tayi huɗu ko fiye, aka raba su kwana uku da kwana biyar, da aka haɗa lissafin duk dashen da aka yi musu har da na daskararru sai aka ga yawan haihuwar kusan ɗaya ne. Inda kwana biyar ya fi shi ne ana isa ga cikin da ƙarancin yawan dashe. Kin ga kenan ranar ba ita ce ke gyara ɗan tayi ba, tana dai taimakawa wajen gane wanne ne mai ƙarfi.

Mai Jiran Rabo:
Na gode Dakta, na gane na kwana biyar ɗin. Amma daskarewar fa? Ita ce ta fi tsorata ni. Ta yaya za a sa ɗan mutum a firiza ya fito da rai, ga kuma halin wutarmu.

Sista Mai Dare:
Ba firiza irin ta ƙanƙara ba ce 'yar uwa, tukunya ce ta musamman da ake cikawa da ruwan naitirojin, sanyinsa digiri 196 ƙasa da sifili, kuma ba ruwanta da NEPA sam, abin da ake kula da shi kawai kar ruwan ya yi ƙasa a riƙa ƙarawa. Salon daskarewar da ake yi yanzu na farat ɗaya ne, ba ya barin ƙanƙara ta fito a cikin ƙwayoyin, a lab mai kyau sama da tara cikin goma suna farfaɗowa lafiya. Kuma ba sabon abu ba ne, tun 1984 aka haifi yarinya a Ostireliya daga daskararren ɗan tayi, shekara shida kacal bayan haihuwar Louise Brown a Ingila a 1978 wadda ita ce ta farko a IVF gaba ɗaya. Ki tambaye su dai wane salo suke amfani da shi, nawa ne kuɗin ajiya a shekara, kuma a rubuta miki guda nawa aka ajiye.

Uwargidan Alhaji:
Ku yi haƙuri amma ni ina bayan maigidanta. An yi min haka a wani wuri, kuɗin daskarewa daban, na ajiya daban, na narkarwa daban, magani sabo, sikanin sabo. Ba kowa ne yake faɗa don Allah ba, mu daina rufe ido. Yanzu kowa ka je sai a ce a daskare.

Dakta Ummu Aisha:
Hajiya ba zan musa miki ba, akwai wuraren da suka mayar da daskarewa dokar kowa da kowa, kuma bincike bai goyi bayan haka ba. A 2018 an fitar da manyan bincike biyu, ɗaya daga Sin ɗaya daga Biyetnam, a kan matan da ba su da PCOS, ba a ga wani bambancin kirki a haihuwa tsakanin sakawa nan take da daskarewa ba. Don haka mace mai lafiyayyar al'ada wadda komai nata ya tafi daidai tana da haƙƙin ta tambaya me ya sa za a ɗage mata. Amma wannan baiwar Allah dalilai biyu likitanta ya kawo, kuma kowanne shi kaɗai ya isa.

Na farko kumburin. Mai PCOS da aka ciro wa ƙwai 18 tana cikin haɗarin abin da muke kira OHSS, wato ma'ajiyar ƙwai ta kumbura, ruwa ya riƙa tsiyayowa daga jijiyoyin jini yana taruwa a ciki, wani lokacin har ƙirji, jini ya yi kauri. Abin da ke rura wutar ciwon shi ne sinadarin hCG, wanda shi ne kuma ɗan tayi yake fitarwa da zarar ya kama. Kenan in aka saka mata yanzu kuma ciki ya shiga, ciwon ƙaruwa zai yi ya daɗe, na ga matan da suka kwanta asibiti makonni a kan wannan. In ba a saka ba da ta ga al'ada yawanci sai ya lafa. A binciken da aka yi a Sin a 2016 a kan mata masu PCOS kimanin 1,500, waɗanda aka daskare wa sun haihu kashi 49 cikin ɗari, na nan take kashi 42, kuma kumburin ya fi ƙaranci a masu daskarewa.

Na biyu furojestaron. Shi ne yake buɗe wa shimfiɗar mahaifa ƙofar karɓar ɗan tayi, kuma ƙofar 'yan kwanaki ne take yi a buɗe ta rufe. In ya hau da wuri kafin a ciro ƙwai, likitoci da yawa suna sa iyaka a wajen 1.5 a gwajin jini, to shimfiɗar ta riga ta yi gaba ta bar ɗan tayin a baya. Kamar manomi ne da iri mai kyau a hannu amma danshin ƙasa ya wuce, gara ya adana irinsa ya jira ruwa na gaba da ya zuba shi a busasshiyar ƙasa. Kwanakin ɗan tayi da shirin mahaifa su zo daidai da juna, wannan shi ne asalin maganar lokaci, ba lambar uku ko biyar ba.

Mai Jiran Rabo, in kika ji numfashi yana miki wuya, ko amai ya ƙi tsayawa, ko fitsari ya ragu sosai, ko cikin yana ƙara girma da sauri, kar ki jira safiya ki tafi asibiti.

Uwargidan Alhaji:
To na ji wannan, nata da dalili. Amma ni har gobe ina cewa a riƙa tambaya a rubuce, nawa ne jimillar komai kafin a fara.

Ummu Hanan:
Dan Allah in ɗan shigo da tawa tunda ana maganar. Nawa suna ajiye, an ce in zo bayan al'adata ta gaba, lissafi ya nuna zai faɗo cikin azumi. Surukata ta ce wai albarkar watan ma ta isa, ni kuma ina tsoron ƙishi da magunguna. In ɗage zuwa bayan sallah zai rage musu ƙarfi?

Sista Mai Dare:
Ba ya ragewa ko kaɗan Ummu Hanan, a wannan sanyin komai nasu a tsaye yake, ɗan tayin da aka daskare kina da shekara talatin ko bayan shekara biyar aka narkar da shi na mai shekara talatin ne. Wata ɗaya ko biyu ba komai ba ne. Abin dubawa shi ne ƙwayar istirojin, mai sa shimfiɗar mahaifa ta yi kauri, da wasu ake ba su sau biyu ko uku a rana, ga kuma ranar dashen kanta sai kin sha ruwa mara ta cika don sikanin ya nuna hanya sosai. Ki faɗa wa likita maganar azumin tun yanzu ya tsara miki.

Malama Ta Islamiyya:
Assalamu alaikum. A kan azumi, Majalisar Fiƙihu ta Ƙasa da Ƙasa a zamanta na Jidda a 1997 ta tafi a kan cewa allurar da ba ta abinci ba ce ba ta karya azumi, haka maganin matsi da ake sakawa ta gaba da na'urar da ake shigarwa mahaifa, duk da akwai malaman da suke da wata fahimta a kan na matsin, sai ki tuntuɓi malamin da kika natsu da shi. Shan ruwa da ƙwaya kam kowa ya san hukuncinsu, sai dai mara lafiya tana da rangwame ta rama daga baya. Amma akwai wani lokacin da ya fi wannan muhimmanci wanda ban ga an taɓo ba. Halaccin wannan aiki tun fatawar da aka bayar a Masar a 1980 da matsayar majalisar a Amman a 1986 sharaɗinsa shi ne ƙwan matar, maniyyin mijinta, mahaifarta, kuma igiyar aure tana nan. Kenan in aka daskare sannan aure ya mutu ko miji ya rasu, jumhurun malamai sun ce ba a sakawa. Na faɗi haka ne don masu ajiyewa shekara da shekaru su sani. Kuma ba a sakawa a mahaifar abokiyar zama, majalisar fiƙihu ta Makka ta taɓa ba da dama a 1984 sai ta janye a 1985.

Ummu Hanan:
Jazakillahu khairan Malama. In maigida ya yi tafiya fa, a Legas yake aiki, dole sai yana nan ranar?

Sista Mai Dare:
Na daskararre ba a buƙatar komai daga jikinsa ranar, sa hannunsa dai ake so a takardar yarda kafin a narkar, ya yi kafin ya tafi. Amma in da hali ya zo, ranar mace tana son nata a kusa.

Maman 'Yan Biyu:
To ni dai duk ranar da za a saka, shawarata ki ce a sa miki biyu ko uku, kuma ki kwanta sati biyu cur kar ki ko ɗaga buta. Haka na yi.

Dakta Ummu Aisha:
Yaya a nan kam ba zan bi ki ba. Kwanciyar ba ta ƙara komai, an gwada an gani, hukumar lafiya ta NICE ta Ingila ma cewa ta yi kwanciyar da ta wuce minti 20 bayan dashe ba ta da wani amfani. Ɗan tayi ba ya faɗowa don an miƙe ko an yi fitsari, bangon mahaifa a manne yake da juna. Ga mai kumburi irin Mai Jiran Rabo ma doguwar kwanciya haɗari ce saboda gudan jini. Ta yi sallarta, ta yi girkinta mara nauyi, ta zaga tsakar gida. Maganar biyu ko uku kuma, na san yadda muke son tagwaye kuma na san kuɗin ba na wasa ba ne, kowa so take ta gama a zuwa ɗaya, amma bilastosis mai kyau a jikin mace mai ƙuruciya ƙarfin kamawarsa ya fi na kwana uku, in kika sa uku kina iya kwasar 'yan uku, ga haihuwar bakwaini ga hawan jini ga kuɗin kwalba da wani lokacin ya fi na IVF ɗin kansa. Ɗaya a saka, sauran suna nan a ajiye.

Mai Jiran Rabo:
Na karanta wa maigida duka, ya ce gobe tare za mu je ya ji da kunnensa. In an zo sakawar nan gaba ya ake sanin ranar? Kuma wata ta ce min akwai gwajin da ake yankar naman mahaifa a gano ainihin ranar mutum, in nema?

Dakta Ummu Aisha:
Hanya biyu ce. Ko a bi al'adarki a riƙa sikanin har ƙwai ya fashe da kansa ko da ɗan taimakon magani, sai a ƙirga kwana biyar daga nan a saka. Ko kuma a ba ki istirojin kamar sati biyu har shimfiɗa ta yi kauri, yawanci ana son milimita 7 zuwa sama, sannan a fara furojestaron, bilastosis a saka shi bayan kwana biyar cikakku wato a rana ta shida, na kwana uku kuma bayan kwana uku. Ta biyun ta fi sauƙin tsarawa musamman ga mai zuwa daga wani gari ko wadda al'adarta ba ta da tsari, sai dai an lura hawan jinin masu ciki ya fi yawa a cikinta, shi ya sa yanzu da yawa suke komawa ta farkon in zai yiwu, ki tambayi likitanki wacce ya zaɓa miki da dalilinsa. Gwajin nan kuma sunansa ERA, yana da tsada, kuma babban binciken da aka yi a Amurka aka fitar a 2022 bai nuna yana ƙara haihuwa ba, ke da ba a ma taɓa saka miki ba ban ga abin da zai sa ki kashe kuɗinki a kansa ba.

Bint Zazzau:
Dakta ni in Allah ya hore muka sake, in ce kwana uku kenan?

Dakta Ummu Aisha:
Ki ce musu tun kafin a fara allura kina son a yi shawarar tare da ke a kwana na biyu, bayan an ga guda nawa ne da kyansu. In sun sake zuwa kaɗan, ki gaya musu abin da ya faru a baya, neman kwana uku a irin halinki magana ce mai hujja kuma likita na gari zai saurare ki.

Sista Mai Dare:
Ƙarin abu biyu kafin in shiga aiki. Duk wadda aka ce ta fara furojestaron da ƙarfe kaza to ta fara a ƙarfen nan, ta rubuta ranar da awar, don da shi ake lissafin lokacin dashen, in kin makara ko kin manta ki kira ki faɗa kar ki ɓoye, gara a gyara ranar. Sannan tsinken gwajin ciki na kemis, masu dashen nan take ku yi hattara, allurar hCG da ake yi awa 36 kafin ciro ƙwai tana iya kaiwa kwana goma ko fiye a jiki ta nuna layi biyu alhali ba ciki ba ne. Gwajin jini ake jira, kwana 9 zuwa 11 bayan na kwana biyar, kamar sati biyu bayan na kwana uku, kuma ko kin ga ɗan jini kar ki tsayar da magani sai an ce ki tsayar.

Ummu Hanan:
Sista furojestaron na matsin in an saka da asuba kafin alfijir da kuma bayan buɗa baki, awannin sun yi daidai?

Sista Mai Dare:
Zai ɗan haura awa 12 da rana, dare kuma bai kai ba, wasu likitocin suna yarda da haka wasu kuma za su haɗa miki da allura. Ki tura masa lokacin sahur da na magariba na garinku ya duba da irin maganin da ya rubuta miki.